Dalmar da Na Binne a Gindin Dutse

Na san kun ji labari iri biyu a kan yadda na bar aikin wuta. Gwaggonku takan ce Baba ne ya kira ni gida saboda ƙarfinsa ya ragu, ba mai riƙe masa maƙera. A kasuwar Makarfi kuwa, in kun tambayi tsofaffin da suka san ni, za su ce kora ta aka yi. Mutanen kasuwa sun fi kusa da gaskiya, amma su ma rabin zancen suka sani. Tun da yanzu na fi kusa da kabari a kan maƙera, gara ku ji daga bakina, don akwai sunan wani bawan Allah a ciki wanda ba na so ya ƙara ɓaci ko da bayan raina.

Kakanku maƙerin fari ne a Kudan, mai aikin azurfa da tagulla da dalma, don haka na san warin narkakkiyar dalma tun kafin in san haruffa. Wannan ne ya sa da na je Zariya neman aiki, wani kamfanin da ke shimfiɗa wayar wuta ta ƙarƙashin ƙasa ya ɗauke ni. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ya daɗe da rushewa, kuma ba shi ya yi laifin ba. Aka haɗa ni da Malam Tanimu, mutumin Nasarawan Doya, wanda shi ne babban mai haɗa waya. Dogo ne, ba ya son magana, hannuwansa duk tabon ƙuna. Shekara biyar na yi a ƙarƙashinsa.

Wayar da muke binnewa ba irin wadda kuke gani yau ba ce mai rigar roba. Kaurinta ya kai damtsen mutum. A tsakiya jan ƙarfe ne, an naɗe shi da takarda mai jiƙe da mai, sannan a saka masa riga ta dalma daga farko har ƙarshe, a rufe da algarara da kwalta. Duk aikin rigar dalmar nan ɗaya ne, ta hana ruwa kaiwa ga takardar. In ta sami huda ko da ta bakin allura ce, danshi zai shiga, takarda ta sha, ta yi ta sha a hankali har ranar da wuta za ta fasa ta. Malam Tanimu ya nuna mini dalmar da ƙasa mai tsami ta cinye ta koma fara kamar alli, ya nuna mini wadda siminti ya ci don an binne ta jikin gini. Har wadda gara ta huda na gani da idona, in ba haka ba da ban yarda ba. Amma abin da ya fi ja mini kunne a kai shi ne lanƙwasa.

"Sa'idu," yakan ce, "in za ka juya waya, ka ba ta fili kamar kana juya amalanke. In ka matse ta, ba a gabanka za ta nuna maka ba."

Ba da daɗewa da samun mulkin kai ba aka tura mu wata tashar gwajin iri da ake ginawa tsakanin Makarfi da Ikara. Suna da injin wuta nasu. Aikinmu mu ja waya daga ɗakin injin zuwa famfon da ke bakin wata babbar rijiya a fadama, wanda zai riƙa tura ruwa cikin tanki. Daga tankin ne gidajen ma'aikata da ɗan ɗakin shan magani da ƙauyuka biyu na kusa za su sha. Gangar waya ɗaya ba ta isa ba, sai an haɗa guri uku. Daga bakin rijiyar muka faro haƙa rami muna nufo ɗakin injin. Haɗin nan shi ne gwanintar Malam Tanimu. Zai zura hannun riga na dalma a kan mahaɗar, in riƙa zuba masa narkakkiyar dalma da ludayi, shi kuwa yana tare ta da tsumma mai kitse yana shafawa, har ta yi sumul kamar ƙwai. Leburori kan bar shebur su zo kallo.

Ana cikin aikin aka aiko wa Malam Tanimu cewa yayansa ya rasu. Ya bar mini ragamar kwana uku, ya ce in ci gaba da shimfiɗawa, in ya dawo ya yi haɗi na uku. A rana ta biyu ramin ya ci karo da wani dutse, ba nisa da ɗakin injin. Muka sa diga, ta yi ta tartsatsi, dutsen ko gezau. Hanyar da ta dace ita ce a koma baya a sake haƙa rami mai faɗin lanƙwasa, aikin kwana biyu ko uku. Ni kuwa ina so Malam Tanimu ya dawo ya tarar na gama. Babu wanda ya matsa mini, wannan ku riƙe shi da kyau. Na sa leburori takwas suka kama wayar, muka murɗa ta a jikin dutsen da ƙarfin tsiya. Da ta zauna na durƙusa na duba. Algarara ta buɗe a bayan kwanar, kuma a jikin dalmar na ga wani ɗan layi siriri kamar gashi, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Na sa farce na ji shi. Na ce wa kaina karce ne kawai, bai ratsa ba. Na narka kwalta na shafe wurin, na sa aka zuba yashi, aka rufe. Da Malam Tanimu ya dawo ya tarar da ƙasa a shimfiɗe, ya yi haɗinsa taku goma sha biyu gaba da dutsen, aka gwada, wuta ta tafi lafiya. Har ya ce mini, "Ka yi ƙoƙari," abin da bai taɓa faɗa ba.

Damina ɗaya ta wuce lafiya, na manta. A damina ta biyu, cikin watan da ruwa ba ya ɗaukewa, aka aiko Zariya cewa wayar ta mutu, famfo ya tsaya. Muka zo tare da injiniya, wani saurayi ɗan Arewa da bai daɗe da karɓar kujerar daga hannun Bature ba. Mutum ne mai son gaskiya, amma yana jin idon kowa a kansa. Ya ɗaura na'urarsa ya yi lissafi, ya ce ɓarnar tana wajen haɗi na uku. Aka tone, aka fasa haɗin. Yadda ake gane danshi shi ne a yagi takardar a tsoma cikin tafasasshen mai, in da ruwa a jikinta sai ta yi ƙara ta yi kumfa. Da injiniya ya tsoma, sai ta yi ta ƙara tana kumfa kamar an jefa ƙosai. Ya ɗago ya dubi Malam Tanimu.

"Malam, haɗinka ya sha ruwa."

"Ranka ya daɗe, ruwa ya zo haɗina," in ji Malam Tanimu. "Amma ba ta nan ya shiga ba. A duba gaba."

Injiniya bai saurare shi ba. Ni kuma ina tsaye, ina kallon dutsen can taku goma sha biyu, na san takarda tana jan ruwa kamar lagwani. Ban ce komai ba.

Aka dakatar da Malam Tanimu, ya koma Nasarawan Doya. Kafin mako ya zagayo zance ya canja kama. Wani ya ce ai dama yana rage dalmar haɗi yana sayar wa maharba su yi harsashi, shi ya sa haɗin ya yi rauni. Ban san wanda ya fara faɗa ba, amma zancen ya riga shi isa garinsu. Mutumin da ke jan salla a masallacin unguwarsu in liman ba ya nan, sai ga shi ana nuna shi da baki. A tashar kuwa tanki ya ƙafe, mata suka koma ɗiban ruwan kududdufi. Gudawa ta kama yara a ƙauyukan nan biyu. Na ji an binne yara biyu a lokacin. Ko ruwan ne, ko kwanansu ne ya ƙare, Allah ne masani, ni dai ban taɓa iya raba kaina da su ba.

Sai da aka yi kwana goma sha shida kafin kayan gyara su iso daga Kaduna. Injiniya ya kira ni ya ce ni zan yi gyaran, in ya yi kyau kujerar Malam Tanimu tawa ce. Ƙa'idar gyara ita ce a yi ta yanke waya ana komawa baya ana gwada takarda, har a kai inda ta bushe. Na yanke taku biyu, ta yi kumfa. Na ƙara huɗu, ta yi kumfa. Haka na yi ta bi har gindin dutsen. Da na kankare kwaltar da na shafa da hannuna, sai ga layin nan ya buɗe, ya zagaye rabin wayar, gefensa ya yi baƙi inda wuta ta fita. Bayan dutsen da taku uku takarda ta yi shiru cikin mai. Leburorin da ke tare da ni sababbi ne, ba su san komai ba. Na sa guntun sabuwar waya, wannan karon da kwana mai faɗi, na yi haɗi biyu. La'asar na yi famfo ya tashi. Guntun da ya fashe kuwa na naɗe shi cikin buhu na ɗaure a bayan kekena. Niyyata in jefa shi a wata tsohuwar rijiya a hanya. Na wuce rijiyar ban tsaya ba, har na iso Kudan.

Washegari da hantsi na sami Baba a maƙera yana gyaran wani munduwa. Bayan mun gaisa na ajiye masa guntun, na ce, "Baba, ku duba mini wannan." Ya juya shi, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya sa ƙaramar wuƙa ya ɓantari gefen tsagar. Cikin ya yi burtsi-burtsi kamar gishiri.

"Wannan ba ƙasa ce ta ci ta ba," ya ce. "An tanƙwara ta fiye da ƙarfinta, sannan wani abu ya yi ta jijjiga ta. Akwai inji kusa?"

Na ce akwai.

"Wa ya tanƙwara?"

Na faɗa masa duka, tun daga dutsen har kujerar da aka yi mini alkawari. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye guntun a kan uwar maƙera, ya ce mu shiga ciki, wannan magana ba ta mutum biyu ba ce. A tsakar gida Inna tana tankaɗe, mahaifiyarku Hanne tana zaune a inuwa, cikin ɗan'uwanku Abdu ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura. Baba ya sa na maimaita a gabansu. Wannan ya fi mini wuya a kan na farko.

Inna ce ta fara magana, kuma ba zan ɓoye muku abin da ta ce ba, don tsoro ne na uwa, ba mugunta ba.

"Ruwa dai ya dawo, ko? To, me ya rage? Shi Tanimu yana da gona, yana da 'ya'ya manya. Kai me kake da shi? Ka dubi yarinyar nan. Ka je ka roƙi Allah gafara, ka riƙa kyautata wa mutumin, ka rufa wa kanka asiri."

"Asirinsa ne kaɗai a ciki?" in ji Baba. "Ana ce wa mutum ɓarawo a garinsu."

"Ai ba Sa'idu ya ce ba."

"Shirunsa ne ya ce."

Inna ta juya kan Hanne ta ce ta yi magana mana, ai ita za ta sha wuyar. Hanne ba ta saba buɗe baki gaban surukai ba. Amma ta ce, ba ta dubi kowa ba:

"Inna, matar Malam Tanimu ce ta aiko mini da daddawa da man shanu watan jiya. In ta zo suna, ban san yadda zan dube ta ba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Baba bai ba ni umarni ba. Ya ce ni ba yaro ba ne, in na zaɓi shiru ba zai tona ni ba, amma kada in ƙara kawo masa labarin aikin nan, kuma in ɗauke guntun daga maƙerarsa. Ya ƙara da cewa gefen zugazugi akwai wurin zaman mutum ɗaya, in abin ya kai ga haka.

Ranar Litinin na shiga ofishin injiniya a Zariya na ajiye guntun a kan teburinsa. Ya saurare ni har ƙarshe, yana murza tsagar da babban yatsa. Na ga fuskarsa ta canja, don shi ma ya gane cewa an ce masa a duba gaba bai duba ba.

"Ka san abin da wannan zai jawo maka?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Da lanƙwasar ce kaɗai, da na ja maka kunne ka koma aiki. Kowa yana kuskure. Amma ka shafe da kwalta. Sannan ka tsaya a gabana ranar da na kori dattijon nan."

Ya rubuta takarda biyu a gabana, ɗaya ta mayar da Malam Tanimu, ɗaya ta sallamata. A cikin rahotonsa ya rubuta nasa kuskuren, na ga wannan da idona, kuma ina girmama shi saboda haka. Ya ba ni ta Malam Tanimu ya ce ni zan kai.

Na same shi a gonarsa ta rake yana ɗaure ganye. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa takardar, na faɗa masa abin da ke ciki da abin da na yi. Ina tsammanin zai zage ni, ko ya ce ya yafe. Bai yi ko ɗaya ba. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

"Tun ranar da aka fasa haɗin ka sani?"

"Na yi zato, Malam."

"Ka sani," ya ce. "Ni ma na sani. Na san inda dutsen yake, na san wanda na bar wa aiki. Na yi shiru ina jira in ga ko yaron da na koyar zai buɗe baki. Kwana ashirin ina jira." Ya koma kan rakensa, sannan ya ce ba tare da ya juyo ba, "Ofis ta wanke ni a takarda. Mutanen garin nan ba sa karanta takardar ofis."

Na koma Kudan na gaya wa Baba. Ya ce maganar Tanimu gaskiya ce, inda aka ɓata suna nan ake gyara shi. Ranar Juma'a ya sa babbar rigarsa, muka hau motar kasuwa zuwa Makarfi, daga nan muka taka. Inna ba ta ce mana a dawo lafiya ba, amma ta ƙulla mana fura a ƙwarya. Baba ya sami liman kafin salla ya nemi izini. Da aka sallame, liman ya ce jama'a su ɗan dakata, baƙo yana da magana. Na miƙe a gaban mutanen da ban sani ba. Na faɗi sunana da sunan ubana da garinmu. Na ce Malam Tanimu bai taɓa rage dalma ko ta ƙwayar gero ba, ni ke narka masa, ni na sani. Na ce haɗinsa lafiya lau yake, ni na fasa wayar, ni na ɓoye, ni na yi shiru aka kore shi. Wani daga baya ya ce, "To, kai ne ɓarawon ke nan." Wasu suka yi dariya. Baba yana zaune a sahun gaba, bai sunkuyar da kai ba, bai kuma kare ni ba.

Daga ranar ban ƙara taɓa wayar ƙarƙashin ƙasa ba. Labari yana tafiya tsakanin masu sana'a ɗaya, babu kamfanin da zai ɗauke ni, ni ma ban nema ba. Na zauna gefen zugazugin Baba, daga baya na buɗe rumfar da kuka sani a kasuwar Makarfi, ina liƙin buta da fitila da tankin mota. Da ita na ciyar da ku. Abokan aikina na da sun yi gidajen bulo a Kaduna, wasu sun je Ingila kwas. Ba zan ce muku ban taɓa jin zafin wannan ba, na ji, musamman shekarar da aka yi fari muka ci tuwon dusa. Kuma ba duka zancen ya mutu ba. Shekaru bayan haka na ji wani a mota yana ba da labarin wani mai haɗa waya na Nasarawan Doya da ke sayar da dalma. Na tsayar da shi na gyara masa, amma wa ya san mutum nawa ya riga ya gaya wa? In kun taɓa jin haka, ku ce ƙarya ne, ku ce ubanku ne ya faɗa.

A ranar Juma'ar nan, da jama'a suka watse, ni da Baba muka tsaya a gindin wata bishiyar ɗorawa muna shawarar ko mu kama hanya. Malam Tanimu ya fito daga masallaci, ya zo ya gaisa da Baba, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da maƙera da damina. Ni bai dube ni ba. Ya ce wa Baba rana ta yi zafi, a je gida a sha ruwa. Muka bi shi. A zaure aka shimfiɗa tabarma, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka a akushi ɗaya. Na ja baya na zauna bakin ƙofa, don ban ga ina da hannun da zan sa a abincin gidan nan ba. Su biyu suka wanke hannu, suka yi bisimilla. Malam Tanimu ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya tura akushin gefena kaɗan.

"Sa'idu," ya ce, "matso. Miyar za ta huce."